Na Ɓoye Saƙon Asibiti Saboda Kunyar Suruki

Assalamu alaikum, 'ya'yana. Ni tsohuwa ce daga wani ƙauye a ƙasar Gwaram. Ban iya rubutu ba, da murya na turo, a rubuta yadda na faɗa, a sakaya sunana. Don Allah ku ji ni har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci.

Autata ce ta samu cikin fari, mijinta direba ne, Gwaram zuwa Kano. Da cikin ya kai wata bakwai aka kawo mini ita goyon ciki, na kai ta awo Birnin Kudu, aka ɗebi jininta. Tana can layin karɓar magani sai malamar asibiti ta ja ni gefe ta ce, "Inna, an ga abu a jininta, irin ciwon da ake ɗauka a shimfiɗar aure. Ku dawo ran Litinin tare da mijinta, akwai maganin da zai tsare jaririn." Na ce to.

To, ni da ban taɓa haɗa ido da surukina ba, ko sunansa ba na kamawa, in ya zo gaisuwa ta bayan zana nake amsawa, ni ce zan ce masa ya zo a duba jininsa kan ciwon shimfiɗa? Da wane bakin? Ita ma yarinyar ban gaya mata ba. Litinin ta zo na ce gobe, goben ta zama mako, na jiƙa mata sassaƙe na ce Allah zai tsare. A ɗakina ta haihu, ni na yanke cibiya.

Kafin arba'in yaron ya fara ciwo, tafin hannu da na ƙafa suna saluɓewa, majina ba ta tsayawa, yana shan nono yana ramewa. Asibiti suka ce tunjere ne, ciwon shimfiɗar nan, haɗe da ƙanjamau, daga uwa ya ɗauka, kuma a katinta an rubuta cewa an sanar.

Yanzu dangin mijin sun ce ta sani ta ɓoye. Shi ya ƙi a duba nasa jinin, ya ce ran Juma'a zai aiko mata da takardar saki. Ta yi rantsuwa har ta gaji, ba wanda ya yarda. Jiya tana ɗura wa yaron magani ta ɗago ta ce, "Inna, ai tare muka je. Ki rantse musu ba a faɗa mana komai ba."

In na rantse, na yi wa Allah ƙarya. In na faɗi gaskiya na wanke ta, amma za ta san shirun uwarta ne ya kwantar mata da ɗa. Saura kwana uku, ita kuma bakina take kallo.

Me zan yi?