Ranar da Yaya Sule Ya Je Gidan Alisabatu

Madarumfa, ran Lahadi

Zuwa ga ƙanena Abubakar, a Agadas,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta tarar da kai da Jamila da yara cikin ƙoshin lafiya. Mu nan lafiya lau. Inna ta samu sauƙin ƙafarta, har tana takawa zuwa garka. Hatsi ya shiga rumbu, wake ne dai bai yi kyau ba bana.

Na rubuto ne don duk lokacin da na ambaci Yaya Sule a waya sai ka ce rezo ba kyau, ba ka jina. Ban ga laifinka ba. Ina tsaye ranar da ƙarar injin ban ruwa ta firgita shi a bakin tabki, ya far maka kamar bai san ka ba, ya karya maka hannu. Shekara huɗu ke nan ba ka tako gida ba. Mu kuwa muka zauna da mutumin da yaƙin Difa ya maido mana: ba ya magana, ba ya zama ya ba ƙofa baya, ko tayar motar kamiyo ta fashe sai ya kwanta ƙasa.

Watan jiya ya ce in raka shi Maraɗi. Sai a mota ya gaya mini dalili. Yana da aboki a soja, Markus, wanda aka harba a gabansa. Ya goya shi har ƙarfinsa ya ƙare, ya kwantar da shi a inuwa ya tafi neman taimako. Kafin ya dawo da mutane Markus ya cika. Tun ranar Yaya yake ganin shi ya kashe shi. Gidan Alisabatu, mahaifiyar Markus, za mu. Mun tarar dawowarta ke nan daga majami'a. Yaya ya durƙusa ya faɗa mata komai, bai rage ba. Ta tambaye shi abu ɗaya, ko ɗanta ya sha ruwa kafin ya cika. Ya ce ya ba shi sauran na gorarsa. Ta ce shekaru take kwana tana tashi da wannan tambaya, yau ta huta. Ta dafa kansa, ta kawo fura, ta ce ba zai fita ba sai ya sha. Abubakar, ban taɓa ganin Yaya ya yi kuka irin na ranar ba.

Ba zan ce ya warke ba, har yanzu yana firgita. Amma ya fara hira, ya koma su a tabki, yana kai wa Alisabatu kifi. Ya ce in roƙe ka gafara. Ya ce in ba ka son ganinsa, zai tafi Safo wurin Kawu Usman da Salla, don ka zo ka ga Inna. Da Inna ta ji, ta ce ita 'ya'yanta maza biyu take son gani suna ci a akushi ɗaya. Ba zan matsa maka ba, kai aka yi wa. Ka dai yi tunani.

Inna tana sa maka albarka. Ka gaishe da Jamila, da Rashida, da Al'amin da ba mu taɓa gani ba. Kawu Usman da matarsa Hadiza suna gaisuwa. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Yayarka,
Dije

Sunan da ke ƙasa Yaya ne ya rubuta da kansa. Sai a karo na uku ya iya.

Sule