Motar Ƙarshe ta Baba Ilarie

Zuwa ga ƙanena Octav,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata takardar nan ta same ka lafiya, kai da Sanda da 'yan biyu. Allah ya ƙara muku lafiya, ya sassauta muku sanyin Kanada, wanda kake ta kuka da shi sai ka ce ba a cikin ƙanƙara aka haife ka ba. Mu nan lafiya lau. Gwiwar Mama ta yi sauƙi har ta koma zuwa coci da ƙafa. Mijina Traian yana nan da tarinsa da sigarinsa, kowanne ya ƙi rabuwa da ɗan'uwansa.

Maganar Baba ce ta sa na ɗauki biro, don a waya ba ka barin mutum ya kai ƙarshen zance. Ka ji muna yajin aiki. Masu masana'antar motoci sun ce mun yi musu tsada, in ba mu yarda da aikin Asabar ba tare da ƙarin albashi ba, za su kwashe rabin aikin su kai ƙasar da ma'aikata suka fi araha. Ƙungiya ta ce a ajiye aiki, muka ajiye. Ni aka zaɓa wakiliyar masu ɗinkin kujeru, wai saboda bakina ba ya mutuwa. Kullum muna bakin ƙofa muna jin ɗumin wuta a cikin duro.

To, ranar ritayar Baba sai ta faɗo a tsakiyar yajin. Ka san al'adarmu: ranar da mutum zai bar aiki, motar ƙarshe da ta sauko daga layin haɗa motoci shi zai tuƙa ta zuwa fili, sauran kuma suna buga sifana a jikin ƙarfe har ya ɓace. Tun kafin a haife mu Baba yake buga wa wasu. Tun rani ya kai baƙar kwat ɗinsa wanki saboda ranar, Mama tana tsokanarsa wai ko ranar aurensu bai yi wannan rawar kai ba.

Ana saura kwana kaɗan sai ga Stelian, shugaban sashensu, wanda Baba ya koya wa riƙe sifana, ya zo gida da kwalbar giya. Ya ce ranar Juma'a, wato ranar ritayar, za su tayar da layi da 'yan kwangila, Baba ya shigo ya tuƙa motarsa, har mai hoto zai zo. Da ya tafi na ce wa Baba hoton suke so, a buga a jarida a ce aiki na tafiya, ga tsohon ma'aikaci da kansa a ciki. Ka san Baba bai taɓa son yajin aiki ba. Ya ce ni da ƙungiyata duk mun iya surutu, shi bai roƙi kowa komai ba a rayuwarsa sai wannan abu guda. Wallahi Octav, na tausaya masa, kuma na ji tsoro. Duk wanda ya ƙetare ƙofar nan lokacin yaji, a garin nan ko gaisuwarsa ba a sake amsawa.

Ranar Juma'a da safe muna tsaye sai ga shi cikin kwat, takalmi na ƙyalli. Mutane suka dare suka ba shi hanya. Ya je har jikin ƙofa, Stelian yana ɗaga masa hannu daga ciki. Ya daɗe a tsaye. Can sai ya juyo ya tambayi tsoho Gavril, abokin aikinsa, wai haka ake yaji babu ko shayi, ya ce lallai 'yan zamani ba su iya komai ba. Gavril ya ce masa ango ya samu wuri ya zauna kada kwat ta sha hayaƙi. Sifanunmu duk suna kulle a ciki, sai muka ciro makullan gida muka yi ta buga shingen ƙarfe. Na yi kuka har majina, ba na ɓoye maka.

Ya yi godiya, ya sha shayinsa, ya koma gida. Da yamma na tarar da shi a tsakar gida cikin tsohuwar motarsa, da kwat ɗin, hannu biyu a kan sitiyari, bai ko kunna ta ba. Mama ta ce in ƙyale shi.

Shekaranjiya a taro Gavril ya miƙe ya ce a ƙara sharaɗi ɗaya cikin buƙatunmu: duk ranar da layi ya tashi, motar farko Baba Ilarie ne zai tuƙa ta. Ba hannun da bai ɗagu ba. Masu masana'anta sun yi dariya, sun ce wanda ya yi ritaya ba shi da izinin shiga. Mu kuma mun ce su yi ta dariyar, muna bakin ƙofa. Da na gaya wa Baba ya yi ta faɗa, ya ce mahaukata ne mu, za mu bar yara da yunwa saboda tsoho ya yi wasa da mota. Ban san yadda za ta kaya ba, ƙanena, ka sa mu a addu'a. Amma jiya Mama ta ɗauki kwat ɗin za ta mayar cikin akwati, ya ce ta bar masa ita a rataye bayan ƙofa.

Ka gaida Sanda, ka sumbaci Ilinca da Tudor. Mama da Traian da Gwaggo Floarea suna gaishe ku. Ka kira Baba ranar Lahadi, amma kada ka nuna ka san komai.

Yayarka mai ƙaunarka,
Veturia