Wa Ya Sauya Ƙanƙarar Kular Allurar Shanu a Kaura?

Zuwa ga Babban Manaja,
Kamfanin dakon kaya mai motoci tsakanin Kano, Kaura Namoda da Shinkafi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe, ina gaishe ka da fatan kana lafiya, kai da iyali da dukan ma'aikatanka. Ina kuma yi wa direbobinka sannu da ƙoƙari, don mu da ke zaune a kan hanyar Kaura zuwa Shinkafi mun san abin da mutum yake ɗauka a ransa kafin ya tayar da mota ya biyo ta.

Sunana Haruna, tsohon malamin dabbobi. Bayan na ajiye aikin gwamnati na buɗe ɗan shagon maganin dabbobi a Moriki, daura da kara inda ake cinikin shanu. Ban ambaci sunan kamfaninka ba, domin ba tozarci nake nema ba, kuma kai ka san kanka. Abin da ya sa na rubuto a fili shi ne na kira waya, na je da ƙafata, na bar takarda a ofishinku na Kaura, amma ban ga alamar ko ɗaya ta iso gare ka ba. Zuciyata ta ba ni cewa duk takardar da ta shiga hannun mutanen Kaura a can take kwana.

Kafin in shiga ƙorafi, bari in yi maka bayanin kayan da kuka ɗauko mini. Allurar rigakafin ciwon huhu ce ta shanu. Wannan allura sai da sanyi, tun daga inda aka yi ta har ta shiga jikin saniya. In ta sha zafi ta mutu. Abin tsoron shi ne ba ta sauya launi, ba ta wari, ba ta nuna komai. Kwalbar da ta mutu da mai rai kamanninsu ɗaya a ido. Shi ya sa duk lokacin da na sa aka kawo ta nake biyan kuɗin dako na musamman, wanda a takardarku aka rubuta cewa na kayan sanyi ne, kwana ɗaya su iso. Yanzu haka kwalaben suna cikin firijina, na kasa sayarwa na kasa zubarwa, kuma akwai garke guda da ke jiran su.

1. Maganar kwanaki. Dillalin da nake sayen magani a wurinsa a Kano ya miƙa kular da allurar ke ciki ga ofishinku na can ranar Litinin da safe, ya kira ni ya shaida mini. Ranar Talata da hantsi saƙo ya shigo wayata daga kamfaninku cewa an isar da kayana, ana kuma yi mini godiya da hulɗa. Na leƙa ƙofar shago, na zagaya baya, na tambayi maƙwabcina mai dussa ko an bar masa wani abu. Babu. Kular ba ta iso Moriki ba sai ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Na san halin hanya, na san akwai ranakun da motoci ke tsayawa jiran rakiyar jami'an tsaro, kuma ba zan taɓa cewa direba ya jefa ransa don kwalabena ba. Da an kira ni an ce hanya ta ƙi, da na ce a sa mini kayan a firij a Kaura, ko in aika a ɗauko. Amma ba a ce hanya ta ƙi ba, cewa aka yi kaya sun iso.

2. Maganar ƙanƙara, wadda ita ce ta hana ni sukuni. Da na buɗe kular, wallahi har na yi hamdala, don na tarar da ƙanƙara tauri kamar dutse. Sai da na ɗauki ɗaya a hannu sannan hankalina ya dawo. Kwana huɗu a cikin wannan zafi, wace irin ƙanƙara ce ba ta ko fara narkewa ba? Na duba da kyau, sai na ga ruwan leda ne aka daskarar, kuma adireshin da ke jikin ledar na wani gidan ruwa ne a Kaura Namoda. Na kira dillalina, ya rantse cewa robobin ƙanƙara masu launin shuɗi guda shida ya sa, kamar yadda ya saba, bai taɓa sa ruwan leda a kayan allura ba. Babu roba ko ɗaya a ciki. Salatif ɗin da ya naɗe murfin da shi fari ne, na ga inda aka yanka shi, aka bi kai da wani mai ruwan ƙasa. Ƙananan kwalayen da kwalaben ke ciki kuwa sun jiƙe, sun bushe, sun yamutse, sannan yanzu sun sake fara jiƙewa. Kwali ba ya bushewa a cikin kular da ke da sanyi. Na tambayi direban da ya kawo, dattijon kirki, ya ce: "Malam, ni da sahe anka ba ni ita, ban san mi ac ciki ba." Na yarda da shi, kuma ina roƙo kada a ɗora masa laifin da ba nasa ba.

Ga abin da nake zato, kuma na faɗa a fili cewa zato ne: kular ta zauna a Kaura har sanyinta ya ƙare, aka buɗe ta, aka tsiyaye ruwan, aka bar ta. Ranar da mota za ta tashi wani ya sayi ƙanƙarar tasha ya zuba, don in na buɗe in ji sanyi in yi shiru. Wanda ya yi haka ba jahili ba ne. Da jahili ne, da ya kawo mini ita da zafinta, in gani in zubar, in yi asarar kuɗina kaɗai.

3. Ranar Asabar na shiga mota na je ofishinku na Kaura. Na nemi shugaban reshe aka ce ya fita. Na jira har azahar, aka ce ai tun jiya ya tafi Gusau. Akawun da na tarar, mai suna Sanusi, ya nuna mini littafin karɓar kaya, sai ga sunana a layin Talata, ga sa hannu a gefe. An yi shi da kyau, har ya fi nawa tsari, amma ba hannuna ba ne. Na ce masa wa ya sa wannan? Bai ko ji nauyi ba, ya ce: "Baba, hakanan muke yi. In kaya sunka kwana biyu ba a rubuta sun isa ba, Kano na kiran oga." Ranka ya daɗe, ka ji yadda ake gudanar maka da reshe. Kai kana can kana duba allon kwamfuta kana ganin kowane kaya ya isa a kan lokaci, wataƙila har kana yaba musu, kaya kuwa suna jibge a sito.

Na roƙa a nuna mini inda ake ajiye kayan sanyi. Sanusi ya yi ta kewaye-kewaye, na ƙi tafiya, ya gaji ya buɗe. Sito ne mai rufin kwano, ga buhunan busasshen kifi, ga jarkokin manja. Akwai firiza babba a lungu, an shimfiɗa mata darduma a kai, an ɗora buta da kwanon abinci. Na sa hannu a jikinta, babu sanyi. Wayar wutarta a naɗe take a baya, gizo-gizo ya yi saƙa a kanta. Na ce wannan ce firizar da nake biyan kuɗin dako na musamman dominta? Ya ce janareta ne ya lalace kwanan nan. Ban san tsawon kwanan nan a wurinsa ba.

Da na fito, na tsaya shan zoɓo a bakin tasha wurin wata baiwar Allah. Ta buɗe kularta, sai ga robobi masu launin shuɗi a kwance tsakanin kwalaben zoɓo. Na tambaye ta inda ta samo, ta dube ni ta ce: "Ni saye niy yi, Malam." Ta rufe kula. Ba zan rantse cewa nawa ne ba, don roba ba ta da suna. Zoɓon dai ya yi sanyi ƙwarai, na sha na biya.

4. Layin wayarku na masu ƙorafi. Na kira sau da yawa. Kullum sabuwar murya ce ke ɗauka, kullum in faro labari daga farko, kullum a ce mini yallaɓai a yi haƙuri, an rubuta. Yaran suna da ladabi, ban ga laifinsu ba, amma duk abin da suka sani shi ne abin da allo ya nuna musu, allo kuwa ya ce na karɓi kayana ranar Talata. Wata ma cewa ta yi in duba da kyau ko na manta. A ƙarshe aka ce za a yi mini dako ɗaya kyauta. Na gode, amma ba abin da na tambaya ke nan ba. Na lura kuma duk lokacin da na ambaci ƙanƙara sai a ce za a kira ni, har yau ina jiran kiran.

5. Wannan ita ce mai nauyi a bakina. Akwai Ardo Manu, wanda rugarsa ke yamma da Moriki. Tun ina aikin gwamnati nake yi wa shanunsa allura, na yi wa na mahaifinsa kafin shi. Bara na yi wa garkensa wannan rigakafi da maganin da motarku ta kawo. Bayan 'yan watanni ciwon huhu ya shiga garken. Na je na ga shanu tsaye sun miƙe wuya suna numfashi da ƙyar, har da wata saniya da uwargidansa ta zo da ita daga gidansu. Waɗanda suka mutu sun mutu, wasu aka yanka aka sayar a wulaƙance. A lokacin na ce masa wataƙila cutar ta riga allurar shiga jikinsu, don haka na ɗauka. Bai yi mini musu ba, ya ce Allah ya ƙaddara.

Ranar Juma'ar nan, ina riƙe da wannan ledar ƙanƙara, sai na tuna cewa kular bara ma da ruwan leda ta zo, ita ma ta yi latti, kuma na yaba da sanyinta har na yi wa direba kyautar goro. Na nemi wuri na zauna. Ba ni da hujjar cewa allurar bara matacciya ce. Amma ba ni da hujjar cewa mai rai ce, kuma da hannuna na yi ta. Ina jin kunya, ina jin haushi, kuma na fi jin haushin kaina da ban duba ba.

Ardo zai tashi da abin da ya rage masa zuwa kudu bayan kasuwa mai zuwa, ya kuma aiko cewa in shirya allura kafin su kama hanya, don can za su gauraya da garkunan da ba a san lafiyarsu ba. Da na ce masa ina ɗan bincike da kamfanin da ya kawo, abin da ya ce shi ne: "Ni ban san kamfani ba, Malam Haruna, kai ɗai nis sani. In ka ce a yi, a yi."

Saboda haka ga roƙona.

Na farko, kuma shi ne gaba da komai: a gaya mini gaskiya, kwana nawa kular nan ta yi babu sanyi, kuma wa ya buɗe ta. Wani a Kaura ya sani. Ba kora nake nema masa ba, amsa nake nema, kuma kafin ranar kasuwa. Haka nan a duba mini littafin bara, in ba a riga an gyara shi ba.

Na biyu, ka zo Kaura da kanka ba tare da ka sanar ba, ka sa hannu a jikin firizar nan. In ka aiko cewa kana tafe, na tabbata za ka tarar da ita tana ƙugi. Ba ni kaɗai ke karɓar kayan sanyi ta hannunku ba, akwai masu kemis a Shinkafi da Zurmi da ke karɓar allurar mutane.

Na uku, a daina rubuta cewa kaya sun isa sai mai su ya sa hannu da kansa, kuma in hanya ta tsayar da mota a kira mai kaya a gaya masa. In kana tsawata wa reshe a kan latti fiye da yadda kake tsawata musu a kan ƙarya, to ƙarya za su ci gaba da aiko maka.

In ranar kasuwa ta zo ban ji daga gare ka ba, na riga na yanke abin da zan yi. Ba zan sa wannan allura a jikin saniya ko ɗaya ba. Zan zaunar da Ardo Manu a shagona in gaya masa ba ni da maganin da na amince da shi, ya nema a wani wuri ko da zai jinkirta tafiya. Sannan in gaya masa zaton da nake yi game da bara, a gaban 'ya'yansa. Na san mai yiwuwa daga ranar ba zai sake tako ƙofata ba, kuma abin da Ardo ya ji duk rugagen yankin nan sun ji. Da akwai adalci, da wani daga kamfaninka ya zo ya zauna kusa da ni a wannan rana. In babu mai zuwa, zan faɗa ni kaɗai.

Allah ya ƙara wa kamfaninka albarka, ya tsare motocinka da direbobinka a kan hanya, ya haɗa ka da ma'aikatan da za su gaya maka abin da ya faru ko da ba shi kake son ji ba. Ni kuma ka taya ni addu'a, Allah ya ba ni ƙarfin duban idon mutumin nan.

Na tsaya a nan. Wassalam.

Haruna Mai Maganin Dabbobi,
Bakin Kara, Moriki.