Rana ta kai kukar Tanko

Daren Laraba, farkon damina, in har damina ce

Yau da na dawo daga masallaci na tsaya a ƙofar zaure har rana ta ɓullo ta bayan kukar Tanko. Da sanyi ta can wajen maƙabarta take fitowa, ta yi ta matsowa arewa. Marigayi Baba yakan ce in ta kai kukar nan, rago kaɗai ke da sauran iri a rumbu. To, ita ta cika alkawari, ruwa ne shiru, kamar bara.

Ga yini ya yi tsawo. Tun la'asar jikoki ke leƙen madafa, rana kuwa ta zauna kamar baƙon da bai san sallama ba.

Mai ɗakina Hajara ta zo da ƙwarya.

"Malam, ba ni geron irin nan in daka. Yaran nan tun safe ba su ci komai ba."

"In muka cinye, me za mu shuka?"

"In ka binne a busasshiyar ƙasa, ai tururuwa ka ciyar."

Gaskiyarta. Na auna mata rabi ban dubi fuskarta ba. Sauran gobe da sassafe zan kai gona in binne. In tururuwa ce mai rabo, ita ma baiwar Allah ce.