Ladi Ta Sha a Kofina

Anti, barka da aiki, ina gaida ke da duk masu karanta shafin nan. Don Allah a sakaya sunana, kuma kafin ku yanke mini hukunci ku karanta har ƙarshe. Na san yawancinku Musulmi ne, ni Kirista ce daga Zuru, amma abin da zan faɗa ikilisiyarmu ma ta hana shi.

Ni ce shugabar zumuntar mata a cocinmu, kuma kowa ya san ba na shiri da burkutu. Abin ƙyama ne, Anti! Ga kauri, ga warin tsami, ga ƙuda, ƙwarya ɗaya baki goma, mutum ya sha ya tashi da dusa a gemu yana waƙar banza. Na sha tsayawa gaban mata in ce duk wadda ta dafa shi ta dafa wa kanta wuta. Sai bara, a bikin ɗana soja a Kaduna, aka miƙo mini wani abu a dogon kofin gilashi, na ɗauka lemo ne. Ashe farin ruwan inabi ne, mai sa maye. Ai da na gane sai in ajiye ko? Ban ajiye ba. Garau yake, ɗan rawaya-rawaya, da sanyi har gilashin yana gumi. Kafin ya kai baki ƙamshinsa ya riga shi, kamar an yanka gwaba kusa da furen lemu. Yana da ɗan tsami mai kama gefen harshe irin na ɗanyen mangwaro, ba zaƙi, ba nauyi, ya wuce ya bar baki wasai. Ku gaya mini tsakani da Allah, wannan da burkutu abu ɗaya ne?

Da na dawo sai na gano wani Ibo mai shago a cikin gari yana kawo shi daga kudu. Ba ya ajiye shi a fili. In na je sai ya ce, "Mama, kayanka ya zo," ya cusa kwalbar cikin kwalin taliya, ɗan acaɓa ya kawo ni gida. Kofi ɗaya nake sha da rana in NEPA ta yi mutunci firij ya yi sanyi. Ban taɓa tangaɗi ba, ban taɓa zagin kowa ba. Amma ina jin kunya, shi ya sa ko mijina bai sani ba.

To akwai wata a zumuntarmu, 'yar unguwar Rikoto, bari in kira ta Ladi. Saurayin 'yarta ya zo da abokansa yin golmo, noman da samari ke yi wa iyayen yarinya kafin a ba su aure, ita kuwa ta rasa abin da za ta tarbe su da shi sai burkutu tulu guda. Ni na kai maganar gaban dattawan coci da bakina. Ran Lahadi mai zuwa za a zauna, in mu shugabanni muka ɗaga hannu muka amince za a sa ta ƙarƙashin horo, ta koma bencin baya, ba cin jibin Ubangiji, gurasar nan mai tsarki da muke karɓa a coci, a cire mata ɗankwalin zumunta.

Shekaranjiya da rana sai ga ta har falona, ko jiran a ce ta shigo ba ta yi ba, ƙafa duk taɓon gona. Ta durƙusa ta ce, "Mama, ki yi mini rai. Yaran ga sun yini suna huɗa, in ba su ruwa su tafi? Dangin yaron za su ce mun raina su." Na ce mata mai tsoron Allah ba ya kawo hujja. Ashe idonta na kan tebur, kofina yana nan rabi, na manta da shi. Ta ce, "Mama, ƙishi nike ji," ta miƙa hannu ta ɗauka kafin in buɗe baki. Ta shinshina, ta kurɓa, ta juya shi a baki, ta yamutsa fuska.

"Mama, wanga ai giya ce. Sai dai ba ta da ƙwari. Ruwan tsami kawai, ko cikin yaro ba ta riƙewa."

Ji mini mata! Wadda ko gilashi ba ta iya riƙewa ba ita ce za ta kushe shi! Wallahi a lokacin kushen ya fi ƙona mini rai a kan kamun da ta yi mini. Na ce mata magani ne likita ya ba ni. Ta yi dariya, ta goge baki da gefen zane, ta tashi.

Na ce, "Ladi, wa za ki gaya wa?"

Ta ce, "Ba kowa, Mama. Ni ba ni kai ƙarar mutane. Ran Lahadi dai zan zamna inda za ki gan ni."

Anti, har yanzu zuciyata ba ta yarda ni da ita ɗaya muke ba. Amma in na ƙi ɗaga hannu, dattawa za su tambaye ni dalili, ni da na kawo ƙarar. In na ɗaga kuma, a gaban idon matar nan zan ɗaga, ita da ta san ɗanɗanon abin da ke cikin firij ɗina. Me zan yi?