Haƙori Biyu a Wutsiyar Kifi

Klaten, 9 ga Fabrairu

Zuwa ga 'yata Kinasih,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki lafiya, ke da tsohuwar da kike jinya a can Taiwan. Allah ya ƙara miki haƙuri da ita. Mu nan alhamdu lillahi, gwiwata ce kawai take ta ƙorafinta tunda damina ta zauna. Bulik Sarmi, ƙanwar mahaifiyarki, ta yi jika mace, yanzu ba a ganinta sai a hoto.

Nduk, 'yar lelena, za ki yi mamakin wasiƙa alhali ga waya. A waya ba na iya magana. In tambaye ki kin ci abinci, ki tambaye ni na sha magani, shi ke nan sai mu tsaya muna sauraron numfashin juna. Haka muke tun ranar da kika kira kina kuka don an hana ki izinin zuwa jana'izar mahaifiyarki, ni kuma na ce miki ba sai kin zo ba, an riga an rufe ta. Maganar nan ta yi muni, na sani, kuma har yau tana cina.

Saura kwana arba'in da biyu a yi wa mahaifiyarki sadakar kwana dubu. Maƙwabta za su taru a yi addu'a, kowa ya tafi da ɗan kwandonsa na abinci. Kin san kwando bai taɓa fita daga gidan nan babu kue satu ɗinta ba, ɗan kayan zaƙin nan na garin koren wake da sukari, mai siffar kifi. Na ɗauko mazubin katakon da take danna garin a ciki daga saman kabad, sai na tarar gara ta cinye shi daga tsakiya har wutsiya, kai kawai ta bar mini. Na zauna a ƙasan kicin riƙe da shi har aka kira la'asar. Na kai wa wani masassaƙi, ya ce in sayi na roba a kasuwa mana, fure ko tauraro, wa zai lura? Na ce masa shi kam ba zai lura ba.

Sai na tuna da injin nan mai narka zaren roba yana gina abu hawa-hawa, siriri bisa siriri. Sabo ya fi ƙarfin aljihuna, amma mutumin da ya shekara talatin da biyar yana gyaran agogo ai ba ƙarfe ne zai ba shi tsoro ba. Na je wurin Koh Ahong mai tsofaffin kayan lantarki, ya ciro mini ƙananan injina da sandunan ƙarfe daga matattun na'urorin fotokwafi. Yana ɗaure kayan yana dariya, wai tsofaffi sa'o'ina tsuntsu suke kiwo a keji, ni kuma zan kiwata injin da ba ya ko kuka. Ya yi ƙarya, injin yana kuka, kamar sauro a kunne. Firam ɗin da katakon tsohon teburina na yi shi, farantin da yake gini a kai kuma gilashin kalandar bango ne. Bakin da ke fitar da robar da ƙwaƙwalwar injin kawai na yi oda.

Wata biyu ina fama. Kifin farko ya fito kamar taliyar da aka zubar. Ashe farantin ne bai daidaita ba, sai da na riƙa zura takarda tsakaninsa da bakin, kusurwa bayan kusurwa, har ta riƙa wucewa da ƙyar. Daga nan robar ta fara tartsatsi tana barin gashi-gashi, ashe danshin damina take sha. Na rasa dabara, sai na saka naɗin zaren a tukunyar shinkafa ta lantarki, na bar ta a kan ɗumi rabin yini. Wallahi ya yi! Da mahaifiyarki na nan da ta kore ni da ludayi. Na yi dariya ni kaɗai, na juya in faɗa wa wani, babu kowa. Gidan nan ya yi mini girma, Nduk. Wani lokaci ina kunna injin ba don komai ba, don dai in ji motsi a ɗakin.

Kan kifin na auna shi da ma'aunin agogo, ƙaya bayan ƙaya, na zana a kwamfuta. Wutsiyar da gara ta ci kuwa na zana ta da ka, na daidaita ta dama da hagu yadda hannun mai gyara ya saba. Mazubin ya fito sumul, ko layi ba a gani. Na soya wake, na daka, na danna, kifaye suka faɗo tsaf. Na ɗauki faranti da alfaharina na kai wa Mbah Ponirah, tsohuwar nan ta bayan gidanmu, wadda ta shekara talatin tana taya mahaifiyarki wannan aiki.

Ta ɗauki ɗaya ta kai kusa da ido, ta juya shi, ta ajiye ba ta ci ba. Ta ce kifi ne mai kyau, amma ba na mahaifiyarki Partinah ba ne, wannan na kanti ne. Wai na Partinah yana da ƙuraje biyu a wutsiya kamar ƙwayar shinkafa, domin lokacin da kike fitar da haƙori kin kama mazubin kin gartsa masa cizo. An sha ce wa mahaifiyarki ta ba da a goge, ta ce wanda ya taɓa wurin nan zai gamu da ita, sa hannun 'yarta ne. Mbah ta dube ni ta ce, kai Wagiran, shekara nawa kana cusa kifin nan a baki, ba ka taɓa kallonsa ba? Ban taɓa gani ba, Nduk. Ni da nake ganin ƙura a cikin agogo.

Na tambaye ta ta wane gefe ne, ta ce idonta ya tafi, tunaninta ma ya bi shi. Bulik Sarmi a waya ta ce dama, da aka jima ta ce hagu. Na bincika hotuna duka, babu wanda ya nuna wutsiya. Zan iya ƙirƙira ƙuraje biyu cikin minti biyar, amma ba zan raba wa mutane ƙarya da sunan mahaifiyarki ba. Ke kaɗai kika rage. Ke kika riƙa danna garin kusa da ita tun kina tsayawa a kan kujera.

Ga mazubi ɗaya nan cikin kunshin. Ki sa alama da biro inda kika tuna, ki aiko mini hotonsa. Ban ce ki zo ba, na san yadda aikinki yake, amma wancan karon na ce kada ki zo, to na janye, ki yafe mini. Ina kewarki ƙwarai.

Bulik Sarmi da Mbah Ponirah suna gaishe ki, Koh Ahong ma ya ce a gaida 'yar mai kiwon inji. Ki gaida tsohuwarki.

In kuma kin duba kin ga ba ki tuna ba, kada ki yi kuka. Ki kama wutsiyar ki ciza duk inda kika ga dama, a hankali dai, robar tana da tauri. Haƙoran ai naki ne, haka zan buga shi.

Mahaifinki,
Wagiran