Wai Gobe Ina Of

Daren Laraba, unguwar Dakata

Yau na sha kuka a bayan injin buga mujallu. Oga Sunday ne ya ce, "Sabitu, gobe kana of." Ni dai a jikin fanka na san of, wato kashewa. Na ce shi ke nan, kamfanin Turawan nan na Bompai ya kore ni, ko sati ban cika ba! Na durƙusa ina ba Oga haƙuri.

Malam Habu na ƙungiyar ma'aikata ya yi dariya har da tari. "Tashi, ɗan ƙauye, hutu ne! Haƙƙinka ne, albashinka kuma ba a taɓawa."

Wai a biya mutum yana barci? Ban yarda ba. Gobe da sassafe a bakin get zan yi hutuna, kada wani ya gaje min wuri.